Iskandariyya da ƙafa: daga tashar Misr zuwa lambun Muntaza

Iskandariyya gari ne dogo siriri, Bahar Rum ta arewa, tafkin Maryut ta kudu, gidaje a matse a tsakani. Wanda ya riƙe wannan ba zai ɓata ba: duk inda lungu ya rikita ka, nemi inda iska mai gishiri take fitowa ka bi, za ka ɓulla bakin teku. Abin da na lura da shi shi ne yawancin baƙi daga Alƙahira sukan hau mota a titin bakin teku, wato Kurnish, su yi ta kai da komo a kansa, su ɗauki hoto a wuri biyu su koma. Alhali ainihin garin yana titi ɗaya ko biyu a bayan Kurnish, kuma tsohon ɓangarensa da ƙafa ake cin moriyarsa.

Daga Alƙahira tafiyar kilomita 220 ce ko kusa da haka. Jirgin ƙasa mai sauri daga tashar Ramsis yakan ci awa biyu da rabi zuwa uku. Tashoshi biyu ne a Iskandariyya, kuma a nan ake yin kuskuren farko. Jirgi yakan fara tsayawa a Sidi Jabir, fasinjoji da yawa su sauka, baƙo ya ga an watse shi ma ya bi sahu. Sidi Jabir ta mai zuwa gabashin gari ce. Mai son tsohon gari ya zauna har tasha ta ƙarshe, Mahaɗɗat Misr, wadda daga bakinta zuwa teku tafiyar minti ashirin ce a ƙasa. Kuɗin tikitin baƙo daban yake da na ɗan ƙasa, saboda haka fasfo ya kasance a aljihu. Manyan motocin bas kuwa a tashar Muharram Bek suke saukewa, can baya da teku, sai an ƙara da tasi.

Lokacin zuwa ma abin dubawa ne. Daga Yuni zuwa Agusta mutanen Alƙahira kan kwararo don gudun zafi, kuɗin masauki ya tashi, rairayin bakin teku ya cika har ba wurin shimfiɗa tabarma. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa Maris kuma lokacin guguwar teku ne da mutanen garin ke kira nawwa. Kowacce da sunanta da lokacinta, masunta sun haddace su: Maknasa a tsakiyar Nuwamba, Ƙasim a farkon Disamba, Faida Babba da Giɗas a Janairu, Awwa a ƙarshen Maris. Idan ta taso, igiyar ruwa kan tsallake katangar Kurnish ta watsu a kan kwalta, magudanai su cika. A Oktoban 2015 ambaliya ta kashe mutane a garin har gwamnan lokacin ya ajiye aiki. Sanyin nan ba irin na hunturunmu ba ne mai bushe fata. Jiƙaƙƙen sanyi ne da ke ratsa bango, ga ƙananan masaukai ba abin ɗumama ɗaki. A irin ranakun kada a bi ƙarƙashin barandar tsofaffin benaye, domin gishirin iska yana cinye rodin da ke cikin siminti, guntaye kan ɓalle su faɗo. Ni dai na fi ganin dacewar Afrilu da Mayu, ko farkon kaka kafin guguwa ta fara.

Da fitowa daga tashar Misr, kusan tsallaken titi kawai, akwai Kom al-Dikka. Masu tonon tarihi daga ƙasar Folan suka fara aiki a nan a 1960, suka tono ƙaramin dandalin kallo na zamanin Rumawa mai matakala 13 na farin dutsen marmara, da wurin wanka na jan bulo, da jerin ɗakunan karatu kimanin ashirin inda malamai ke koyarwa tsakanin ƙarni na 5 zuwa na 7. Akwai wani zagayayyen dutse a tsakiyar dandalin. Tsaya a kansa ka yi magana a hankali ka ji yadda muryarka take dawo maka. Abin da ya fi jan hankalina shi ne zurfin wurin. Sai ka sauka mitoci da dama ƙasa da kwaltar yau kafin ka taka titin Rumawa, ka ɗaga kai ka ga benaye da shanyar tufafi a samanka. Haka garin yake ko'ina: na yanzu a kan na da yake zaune, shi ya sa ba a ganin kufai masu yawa a sarari duk da cewa tun shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) Iskandar na Makidoniya ya kafa shi. Awa ɗaya ta isa a nan.

Daga nan sai titin Nabi Daniyal, wanda ya miƙe daga wajen tasha zuwa teku. Farkonsa rumfunan masu sayar da tsofaffin littattafai ne, na Larabci da Faransanci da Ingilishi, kuma ana ciniki. Masallacin da titin ya samo suna daga gare shi yana nan, kodayake masana tarihi sun fi karkata ga cewa mai ƙabarin wani malami ne ɗan Mausil, Muhammad Daniyal. Can gaba akwai wurin ibadar Yahudawa na Iliyahu Hanabi, ginin 1850 da aka gyara aka sake buɗewa a farkon 2020, sannan babbar majami'ar Kibɗawa ta Markus tana kusa. Jami'an tsaro suna da yawa a wannan yanki. Kada a ɗaga waya ana ɗaukar hoton shingensu.

A tsakiyar hanya titin Nabi Daniyal ya gicciye titin Fu'ad, wanda a taswira za ka ga an rubuta Ɗariƙ al-Hurriyya. Wannan titi yana kan layin babbar hanyar da aka shata tun kafuwar garin, daga gabas zuwa yamma, kuma har yau miƙaƙƙe yake ɗoɗar. Idan ka karkata gabas za ka bi ta gaban benayen attajiran auduga, Girkawa da Italiyawa da mutanen Sham, masu ƙofofin ƙarfe da tagogin katako masu tsayi. Wasu an gyara, wasu fenti ya ɓare, wasu an rushe an dasa dogayen benaye marasa fasali a gurbinsu, abin da ke ci wa duk mai son garin rai. Gidan tarihin Girkawa da Rumawa, wanda aka rufe a 2005 aka sake buɗewa a Oktoban 2023, yana ɗan lungu kaɗan daga titin, kuma idan guda ɗaya za a shiga a cikin gidajen tarihin garin, shi zan zaɓa. A ƙarshen wannan ɓangare akwai agogon furanni da lambun Shallalat. An dasa lambun a kan layin tsohuwar ganuwar gari ta zamanin Musulunci, har yanzu ragowar hasumiyoyinta suna tsaye a cikin itatuwa, manyan duwatsu a ƙasa, ƙanana a sama, alamar gyara bayan gyara. Lambun yana son kulawa fiye da wadda yake samu, amma inuwarsa mai kauri ce, wurin hutawa da rana tsaka. Bayan magariba ban ba da shawarar zama a cikinsa ba, fitilu ba su wadata ba.

Komawa Nabi Daniyal a ci gaba arewa, sai ga teku a dandalin Sa'ad Zaglul, jagoran yunƙurin neman 'yanci na 1919, mutum-mutuminsa yana fuskantar ruwa. Otal ɗin Cecil na 1929 yana gefe. A wannan yanki ne dogayen ginshiƙan dutse biyu na zamanin Fir'auna suka daɗe, kafin a kwashe ɗaya a kafa a Landan a 1878, ɗayan a Niyok a 1881. Nan kusa ne tashar Ramla, cibiyar taragon cikin gari da ya fara aiki a 1863 dawakai na ja, aka mayar da shi na lantarki a 1902. Shuɗin tarago shi ne ya daɗe yana bin gabas zuwa Fiktoriya, a ciki har da mai hawa biyu da wanda aka keɓe wa mata, kafin a dakatar da shi a 2026 don sabunta layin.  Rawaya shi ke ratsa tsofaffin unguwanni. Arha ne ƙwarai amma ba ya sauri, saboda haka kada a ɗora tafiyar yini a kansa. Masallacin Ƙa'id Ibrahim mai siririyar hasumiya da agogo yana 'yan taku daga tashar, nan ne wurin sallar azahar mafi sauƙi ga mai yawo a tsakiyar gari.

Maganar Kurnish kanta: tun shekarun 1930 aka gina ta, aka faɗaɗa ta daga baya, kuma tsawonta daga sansanin Ƙaitbai zuwa Muntaza ya doshi kilomita 20. Haɗarinta tsallakawa. Motoci ba sa rage gudu, a wurare da dama layi huɗu ko biyar ne kowane hannu. A gabashin gari akwai hanyoyin ƙarƙashin ƙasa na masu tafiya a ƙasa, a neme su ko da za a ƙara tafiyar minti biyar. Inda babu, a tsaya a jikin 'yan gari a tsallaka tare da su, kada a ruga, kada a ja da baya a tsakiyar titi, domin direba yana auna tafiyarka ne ya kauce. Ƙananan motocin bas, waɗanda a nan ake kira mashru'u, suna bin Kurnish dare da rana. Ba su da kwandasta. Ka faɗi inda za ka ta taga, ka shiga, ka miƙa kuɗi ga na gabanka har ya kai ga direba, canji ya dawo ta hannun da ya bi. Tasi baƙi da rawaya ba sa kunna mita, a yi ciniki kafin a zauna.

Daga Sa'ad Zaglul zuwa Ƙaitbai kilomita uku ne ko ƙasa da haka kaɗan, a bakin tashar ruwa ta gabas mai siffar jinjirin wata. Wannan ita ce tafiyar da ba na so kowa ya yi a mota. Da farko za ka iso abin tunawa da sojan ruwa da ba a san shi ba. Daga nan ka shiga ciki zuwa Manshiyya, babban dandalin da mutum-mutumin Muhammad Ali Basha, tsohon mai mulkin Masar, yake kan doki tun 1873. Dandalin ya ƙone a Yulin 1882 lokacin da jiragen yaƙin Ingila suka yi wa garin ruwan wuta, aka sake gina shi. A nan aka harbi Jamal Abdul Nasir yana jawabi ranar 26 ga Oktoba 1954 bai samu rauni ba, a nan kuma ya shelanta mayar da mashigin Suwez mallakar Masar ranar 26 ga Yuli 1956. Bayan dandalin kasuwanni ne, cikinsu har da Zanƙat al-Sittat, lungun da mutum biyu ba sa jerawa, cike da zare da leshi da maɓallai da turare. Jaka a gaba, waya a aljihun ciki.

Ci gaba da bin ruwa sai kubbobi su bayyana ta hagu. Dandalin masallatai ke nan, wurin da na fi daɗewa a duk garin. Babban cikinsu na Abul Abbas al-Mursi ne, wanda aka haifa a Mursiya ta Andalus a 1219, ya zama babban almajirin Abul Hasan al-Shazali kuma magajinsa, ya zauna a Iskandariyya yana karantarwa har rasuwarsa a shekara ta 686 bayan Hijira. Ginin da ake gani yanzu ba tsoho ba ne sosai. An fara shi a 1929 aka gama a tsakiyar shekarun 1940, kuma magina biyu 'yan Italiya suka zana shi, ɗayansu Mario Rossi, wanda shi ne ya zana Ƙa'id Ibrahim. Cikinsa kusurwa takwas ne, ginshiƙan dutse suna ɗauke da rufi mai tsayi, kubbobi huɗu a sama, hasumiyar mita 73. Ƙabarin yana ƙasa, ana sauka ta matakala. Mata suna da ƙofarsu daban. Mai ajiye takalma yana sa ran ɗan ihsani, a tanadi canji.

Daf da shi, ta ɓangaren teku, akwai ƙaramin masallacin Imam Busiri mai waƙar Burda, almajirin Mursi, da ƙabarin da ake danganta masa. Duk wanda ya tashi yana jin Burda a zaurukan Kano ko Zariya ko Damagaram a watan Maulidi zai tsaya a nan ya yi shiru, domin baitocinta ne aka rubuta a zagaye da bangon, da kyakkyawan rubutu, ka bi su da ido kana ɗagawa daga inda ka haddace. Ginin na zamanin Sa'id Basha ne, tsakiyar ƙarni na 19, da tsakar gida a buɗe da wurin alwala. Baƙi da yawa sukan shiga na Mursi su wuce wannan ba su sani ba, saboda girman na farko ya rufe shi. Na uku shi ne na Yaƙut al-Arsh, shi ma almajirin Mursi. An fi samun su a buɗe daga azahar zuwa la'asar da kuma bayan magariba. Tsakanin salloli akan rufe ƙananan. Ranar Juma'a a zo da wuri, dandalin kan cika har waje.

Bayan masallatan unguwar Bahari da Anfushi ce, ta masunta. Ana sassaƙa kwale-kwale da manyan jiragen katako a kan rairayi, ka ga haƙarƙarin jirgi a tsaye kafin a lulluɓe shi. Nan ne wurin cin kifi, kuma da ƙa'idarsa. Kifin yana kan ƙanƙara a bakin ƙofa, kai za ka zaɓa, a auna a gabanka. Duba ido ya zama garau, ƙarƙashin kunne ja. Rabin kilo ya ishi mutum ɗaya. Tambayi kuɗin kilo, ka tambayi ko kuɗin gashi yana ciki, ka kuma tambayi ƙananan faranti na ridi da gauta da ganye da ake jerowa ba ka nema ba, domin a kan waɗannan ukun ne lissafi yake kumbura. Kifin buri akan birkiɗa shi a dusa a gasa har bayan ya yi baƙi, a ɓare a ci farin naman. Singari kuwa tsaga kifin ake yi a shimfiɗe, a zuba albasa da tumatir da tattasai a sa a tanda. Jatan lande ya fi komai tsada. Mai ƙaramin aljihu ya nemi hantar Iskandariyya, yankakkiya sirara da tafarnuwa da barkono a cikin burodi. Can yamma fadar Ra'as al-Tin ce, inda Sarki Faruƙ ya sauka daga mulki ya bar ƙasar ta ruwa ranar 26 ga Yuli 1952. Yankin na sojan ruwa ne, ba a shiga, ba a ɗaukar hoto.

Sansanin Ƙaitbai yana ƙarshen hannun ƙasar da ya rungume tashar ruwa. Sarkin Mamluk Ashraf Ƙaitbai ya gina shi tsakanin 1477 da 1479 a kan harsashin hasumiyar fitila ta Faros, wadda tsayinta ya haura mita 100, girgizar ƙasa ta 1303 da ta 1323 suka gama da ita. Ibn Baɗɗuɗa ya gan ta a 1326, da ya dawo a 1349 ya tarar ba ta shiguwa. A ƙofar babban ginin za ka ga manyan jajayen duwatsu da suka bambanta da farin dutsen sauran bangon, ana kyautata zaton daga tsohuwar hasumiyar aka ɗebo su. Ciki hawa uku ne, da ƙaramin masallaci a ƙasa, da tagogi ƙanana na masu harbi. Hau kan katangar waje ka zagaya: daga nan ake ganin jinjirin watan gaba ɗaya har ɗakin karatu. Za ka kuma ga tarin tubalan kankare da aka jibge a gindin sansanin don karya ƙarfin igiyar ruwa da ke cin harsashinsa. Wuraren tarihi da dama a Masar yanzu ba sa karɓar tsabar kuɗi a wurin tikiti, kati suke so, don haka a tabbatar katin banki yana aiki a waje. Ɗalibi mai katin makaranta yana biyan rabi. Wanda ya bari sai yamma lis zai iya tarar da an rufe.

Ɗakin karatu na Iskandariyya yana ɗaya ƙarshen, gabas da Ramla, tafiyar minti ashirin. An buɗe shi ranar 16 ga Oktoba 2002, kamfanin Snøhetta na ƙasar Nowe ya zana shi: faifai mai faɗin mita 160 a karkace yana fuskantar teku, bangonsa na dutsen Aswan an sassaƙa masa haruffan rubuce-rubucen duniya kimanin 120. Zauren karatun yana gangarawa hawa-hawa, haske yana shigowa ta rufi ba tare da rana ta bugi littafi ba. Ofishin tikiti yana waje, ba a shiga da babbar jaka, akwai wurin ajiya. Sashen rubuce-rubucen hannu yana da tikitinsa daban, kuma ya cancanci kuɗin.

Daga nan zuwa gabas ba tafiyar ƙafa ba ce, a hau mashru'u. A wurare da dama kulob-kulob da gidajen shayi sun tare bakin ruwan, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga tekun da kake gefensa ba, wanda a ganina babbar asara ce ga talakan garin. Gadar Istanli mai tsawon mita 400 da hasumiyoyi huɗu ta fi kyau da dare. Wanka a teku sai inda akwai masu ceto, kuma idan an kafa jar tuta a haƙura. Kusa da tubalan kankare ruwa yana juyawa ya ja mutum ciki.

Muntaza ce ƙarshen Kurnish. Khidiwi Abbas Hilmi na Biyu, mai mulkin Masar a lokacin, ya fara gina fadar Salamlik a 1892, Sarki Fu'ad ya ƙara babbar fadar Haramlik a 1932, mai doguwar hasumiya irin ta birnin Fulorans na Italiya. Ita wannan ba a shiga, daga bayan shinge ake kallo. Lambun ne abin zuwa: fili mai kimanin hekta 150, dabino da itatuwan fayin da ciyawa, teku ta arewa, ga gada mai kai wa ƙaramin tsibirin da sarki yake shan shayi. Otal ɗin Falasɗinu da ke ciki an gina shi ne don taron shugabannin Larabawa na 1964. Ana biyan kuɗin shiga a ƙofa, rairayin da ke ciki kuma kowanne da kuɗinsa. Daga ƙofa zuwa gada tafiya ce mai tsawo, mai tafe da tsofaffi ko yara ya hau ƙaramar motar lantarki. A zo da ruwan sha da abin taɓawa, na ciki ya ninka kuɗi. Juma'a da ranar Shammun Nasim, Litinin ɗin da ke bin Istar Kibɗawa, ba masaka tsinke.

Wanda ya fi son shiru ya nemi lambun Antoniyadis a wajen Sumuha, nesa da teku. Gidan wani attajiri Bagirke ne, John Antoniyadis, ɗansa ya ba wa hukumar gari kyauta a 1918. An shata shi da salon lambunan Faransa, hanyoyi a miƙe, mutum-mutumin marmara na matuƙan jiragen ruwa irin su Kolombos da Basko da Gama, da tsofaffin itatuwa masu saiwoyi a waje. Amud al-Sawari, ginshiƙin jan dutse mai kusan mita 27 da aka kafa don Sarkin Rum Diyokletiyan, da kaburburan ƙarƙashin ƙasa na Kom al-Shuƙafa da aka gano a 1900, suna unguwar Karmuz, kusa da juna, tasi ɗaya ya isa a haɗa su da safe.

Mai komawa Alƙahira daga Muntaza ya hau jirgi a Sidi Jabir, ba sai ya koma tashar Misr ba. Ya sayi tikitin komawa tun ranar isowa, domin jiragen yammacin Juma'a da Asabar kan cika, kuma ya ware awa ɗaya cur don hanya, saboda daga la'asar Kurnish takan cushe tun daga Sidi Bishir.